Kwalin da Fasau Ta Sa wa Hannu

A masana'antar tangaran da ke bayan tashar manyan motoci akwai wani ɗaki can ƙurya, tsakanin sito da wurin lodi, wanda ba ya rabo da ƙarar faɗuwar kaya. Baƙo in ya zo wucewa ya ji tim, sannan ratsatsa, sai ya dafe ƙirji ya ce yau wani ya shiga uku. Ma'aikata kuwa ko waiwaye ba sa yi. Sun san Fasau ce a bakin aikinta.

'Yan lodi ne suka laƙaba mata wannan suna, ya bi ta har gida, har jikokinta suka tashi da shi a baki. Gajeruwar mace ce kakkaura, mai faɗin tafin hannu, ba ta da yawan magana, amma in ta ƙyalƙyale da dariya har wurin lodi ana ji. Aikinta shi ne ta ba kwali wuya tun a gida, kafin hanya ta ba shi. Za a cika shi da farantai ko kofuna yadda za a tura wa mai saye, a liƙe baki. Ita kuma ta ɗora shi kan wani ƙarfe mai hannu biyu, ta ɗaga daidai ƙugunta, ta taka feda, ƙarfen ya saki, kwali ya tiku da siminti. Sau goma take yi: ɗaya a kan kusurwa, uku a kan gefe, shida a kan fuskoki. Daga nan sai teburin jijjiga, wanda ke karkarwa awa guda cur kamar bayan mota a hanya mai gargada. Sai injin matsi, mai danne kwali daga sama don a san nauyin 'yan'uwansa nawa zai iya ɗauka in shi ne a ƙasa. Akwai kuma wani ɗan ɗaki mai danshi inda kwali ke kwana biyu, ya sha laima kamar ya kwana a mota cikin ruwan sama.

In an gama duk wannan sai ta yanka bakin kwalin, ta fito da farantan ɗai-ɗai, ta ƙwanƙwasa kowanne da bayan cokali tana kasa kunne. Lafiyayye yana amsawa da zaƙi, ƙarar ta daɗe. Mai tsaga, ko da tsagar ba ta kai silin gashi ba, muryarsa a dakushe take. Abin da ta gani shi take rubutawa a littafinta. In kwali ya ci, ta sa hannu. In bai ci ba, ko wa ya kawo shi, sai dai ya yi haƙuri. Kuma duk kwalin da ta amince da shi, sai ta ware guda sabo fil, ta rubuta kwanan wata a jikinsa, ta kulle a kabad ɗin ƙarfe na bayan ƙofa.

Ba da wannan aikin ta fara ba. Tana da shekara goma sha tara ta shigo masana'antar, a teburin naɗe kofuna da takarda. Shekarar ce mahaifiyarsu ta rasu, ta bar mata ƙani ɗan shekara shida, autansu, mai yawan kuka da tsoron kare. Mahaifinsu ya riga ya daɗe a ƙasa. Tsohon injiniyan da ke riƙe da ɗakin gwaji a lokacin shi ya lura cewa duk kwalin da yarinyar nan ta shirya ba ya dawowa da ɓarna. Ya kira ta ya tambaye ta sirrin. Ta ce ba wani sirri, girgiza shi take yi kusa da kunne, in ta ji motsi ta buɗe ta sake. Ya dube ta ya ce gobe ta zo ɗakinsa da rigar aiki. Da ya tsufa ya ajiye, ita aka miƙa wa mabuɗi.

Maigidanta direban tirela ne a nan masana'antar, dogo, mai barkwanci, kowa Direba yake ce masa har ita. In ya dawo daga tafiya ya miƙe ƙafa a tsakar gida, sai ya fara kai ƙararta wurin 'ya'ya.

"Ku ji rashin adalci. Ni in kwana uku a hanya ina lallaɓa faranti kamar jariri, guda ya fashe a kira ni ofis. Uwarku ta zauna ƙarƙashin fanka ta fasa goma, a ce mata sannu da aiki."

"Goman da na fasa su suka sa kake dawowa da mutuncinka," in ji ta. "Sha shayinka."

A bakinsa take jin labarin hanya: gadar da ke da tudu a tsakiya, garin da 'yan dako ke jefo kaya daga saman mota maimakon su miƙo. Saboda labarinsa ne ta ƙara wa ƙarfen jifa tsawo, daga ƙugu zuwa ƙirji, ga kayan da za su wannan garin.

Auta kuwa a hannunta ya girma. Da yankakkun kwalayen da take kwasowa daga wurin aiki ta koya masa rubutu, yana kwance rub da ciki a ƙasa, tana tsaye a kansa da ludayi. Da ta yi aure da shi ta tafi, Direba bai taɓa nuna masa bambanci da 'ya'yan cikinsa ba. Ya yi karatu, ya fito da takarda mai kyau. Fasau ba ta roƙon alfarma, amma sau ɗaya a rayuwarta ta shiga ofis ta sunkuyar da kai, aka ɗauki Auta a sito. Yana da kai, yana da baki, ga iya tafiyar da mutane. Cikin shekara goma sha biyu ya zama shugaban sashen sayayya, mai ofis da labule da motar kansa. Duk da haka kullum tsakar rana sai ya cire kwat ya rataya, ya zo ɗakin gwaji ya zauna kan kwali, ya buɗe kular abincinta ba tare da tambaya ba.

"Yaya, wannan miyar taki ta fi ta gidana, amma kar ki faɗa wa matata."

"Zan faɗa. Kai da ƙaton cikinka kana cinye abincin tsohuwa."

A shekararta ta ashirin da bakwai a wurin, idonta na hagu ya fara yin yana. Da farko ta ɗauka gajiya ce, sai ta ga fitilar ɗakin ta zama kamar an rufa mata ƙyalle. Auta kaɗai ta faɗa wa. Shi ya kai ta asibiti a motarsa. Likita ya ce na dama garau yake, na hagun a ba shi 'yan watanni sannan a yi aiki, ba abin tayar da hankali ba ne. A hanyar dawowa ta miƙa wa Auta katin asibitin.

"Riƙe min a wurinka. In Direba ya gani zai ɗauki damuwa ya hau hanya da ita. Sai lokacin aikin ya zo na faɗa masa."

"An gama, Yaya," ya ce, ya jefa katin a aljihun mota.

Ba a yi wata biyu ba ya shigo ɗakin gwaji da wani mutum mai ƙamshin turare, wakilin wani sabon kamfanin kwali, 'yan lodi na biye da su da kwalaye talatin a ninke. Ya ce masana'anta na son canja mai kawo kwali, waɗannan ne samfurin. Fasau ta zaro reza ta yanki gefen guda, ta bi da farce tana ƙirgawa. Hawa biyar, takarda mai ƙarfi, gam ya kama sosai. Mako guda ta yi tana gana musu azaba. Ta jefa, ta jijjiga, ta danne, ta kwanar a danshi ta sake dannewa. Cikin farantai ɗari uku da sittin, biyu kacal suka tsage. Ta rubuta a littafi, ta sa hannu a takarda, ta ware guda ta yi masa kwanan wata ta kulle. Sauran aka kwashe wa masu sayen tsohuwar takarda kamar yadda aka saba.

"Wannan karon ka iya zaɓe," ta ce wa Auta.

Ya yi murmushi, ya karɓi takardar ya fita. Ranar bai tsaya cin abinci ba.

Mako biyu bayan haka, da tsakar rana, aka bugo mata waya cewa babbar 'yarta na naƙuda. Ta rikice, ta rasa jakarta ta rasa takalminta, ga injin jijjiga na aiki. Auta ya zo ya tarar da ita haka.

"Je ki, Yaya. Kawo mabuɗin, in injin ya gama zan kashe in rufe miki ɗakin."

Ta cilla masa, na ɗaki da na kabad duk a zobe ɗaya, ta fita da gudu. Washegari ya je asibiti da sabulun jarirai da tawul, ya ɗauki jaririyar yana yi mata wasa, ya zura mabuɗin a jakar Fasau.

Sababbin kwalaye suka iso, aka fara shirya kaya a ciki. Daga nesa ba su da maraba da samfurin: launi ɗaya, tambari ɗaya. Masu shiryawa biyu sun yi ƙunƙuni cewa kwalin ya yi musu taushi a hannu, shugabansu ya ce Fasau ta sa hannu, su yi aikinsu. Maganar ba ta iso ɗakin gwaji ba. Aka yi lodin tirela uku zuwa wani babban dillali, tafiyar kwana huɗu, cikin damina. Direba ne ke jan ta gaba.

Rana ta biyar da la'asar wayarta ta yi ƙara. Direba ne. Ba gaisuwa, ba barkwanci.

"Fasau, kina zaune?"

"Lafiya? Hatsari kuka yi?"

"Lafiyarmu ƙalau. An buɗe motoci. Kwalayen ƙasa duk sun zauna kamar an taka burodi, na sama sun rufto a kansu. Da shebur ake kwashe farantai. Dillalin ya ce ko guda ba zai karɓa ba."

Kafin direbobin su iso gida an riga an dakatar da su ukun, an ce gudu suka yi. Direba ya shigo gida idonsa jajir, ko wanka bai yi ba ya zaro wani guntun kwali daga aljihu ya ajiye mata a cinya.

"Shekara ashirin da huɗu ina bin hanyar nan. Ban yi gudu ba. Duba min wannan."

Ba ta ko nemi reza ba. Tana matsa shi tsakanin yatsa biyu ya lotsa. Ta ɓare gefen da farce. Hawa uku, takardar kamar ta naɗe ƙosai... a'a, ko ta naɗin burodi ta fi ta ƙwari.

"Wannan ba kwalina ba ne," ta ce. "Kwantar da hankalinka. Nawa na nan a kulle. Gobe zan kai musu su gani da idonsu."

Da sassafe ta riga kowa zuwa. Ta buɗe ɗaki, ta buɗe kabad, ta jawo kwalin daga inda ta ajiye shi. Tun kafin ya gama fitowa hannunta ya faɗa mata. Ba nauyi. Ta matsa gefe, ya lotsa. Ta kai shi bakin taga ta juya wurin kwanan wata. An rubuta shi da irin alƙalaminta, a inda take rubutawa, an kwaikwayi hannunta har da ɗan jan layin da take yi a ƙasa. Amma takwas ɗin ƙwallo biyu ce, ɗaya a kan ɗaya. Ita da jan hannu guda take yin takwas. Mutum ɗaya ta sani a duniya mai yin ta haka, don ta sha ƙwala masa ludayi a kai yana yaro ko zai daina, bai daina ba.

Ta zauna a kan teburin jijjiga, kwalin a cinyarta. Sannan ta tashi ta nufi ofishin sayayya, aka ce ya fita. Ta buga wayarsa sau uku, tana shiga ba a ɗauka. Ƙarfe goma aka aiko Manaja na kiranta.

Su huɗu ne a ofishin: Manaja, wanda bai fi shekara biyu da zuwa ba, da wakilin kamfanin kwali, da Auta, da ita. Auta ya tashi ya ja mata kujera, amma bai yarda sun haɗa ido ba. Har a lokacin tana sa rai. Ta ce a ranta yaron nan kuskure ya yi, an ruɗe shi, yanzu zai buɗe baki ya faɗa, ita kuma ta san yadda za ta roƙa masa.

Manaja ya turo mata takarda. "Mama Fasau, wannan hannunki ne?"

"Nawa ne, Yallaɓai. Amma kwalin da na gwada hawa biyar ne. Ga littafina."

Wakilin ya ce su dai abin da aka yi oda shi suka kawo, hawa uku, kuma shi suka ba da samfuri. Manaja ya sa aka ɗauko na kabad, ya yanka da kansa, ya ƙirga. Uku.

"An canja shi," in ji Fasau. "Wannan rubutun ba nawa ba ne."

"Wa ke riƙe da mabuɗin kabad?"

"Ni ce. Sau ɗaya ya bar hannuna." Ta juya. "Auta, ranar da 'yata ta haihu, wa na ba mabuɗi?"

Ya ɗago kai a hankali. Muryarsa a sanyaye, irin wadda ake lallashin marar lafiya da ita.

"Ni ban karɓi mabuɗi ba, Yaya. Kin manta ne. Ranar a rikice kike."

Sannan ya juya wurin Manaja, ya sa hannu a aljihun kwat.

"Yallaɓai, wallahi ban so in yi wannan maganar ba. Yayata ce, ita ta raine ni. Amma in na yi shiru za a ce ganganci ta yi, alhali lalura ce. Idonta na hagu ya yi yana, ni na kai ta asibiti. Shekara da shekaru tana rubuta hawa biyar, hannu ya saba. Ba ta gani ba ne kawai."

Ya ajiye katin asibitin a kan tebur, ya tura shi gaban Manaja da ɗan yatsa.

Fasau ta bi katin da kallo. Ga sunanta, ga hatimin likita, ga lanƙwasar da ta yi masa da hannunta ranar da ta ba shi ajiya. Kunnuwanta suka yi ɗum, tana ganin bakin Manaja na motsi ba ta jin me yake cewa. Da ta dawo hayyacinta sai ta ji yana cewa ta rufe idon dama ta karanta masa kalandar da ke bango.

"Ba zan rufe ba, Yallaɓai. Ba da ido nake sanin kwali ba. Ka ɗaure min fuska ka jera goma, in ware maka su da hannu."

"Ba wasa muka zo yi ba, Mama."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce masana'anta ta yi babbar asara, kuma da wani ne da sai an kai ga hukuma. Amma saboda daɗewarta, da kuma albarkacin ƙaninta da ya roƙa mata tun jiya, za a rubuta ta ajiye aiki don rashin lafiya. Direbobi za su koma bakin aiki ƙarshen wata. Ta bar mabuɗi wurin sakatare.

Ta koma ɗakin ta ɗauki kularta da cokalinta. 'Yan lodi suna tsaye cirko-cirko a bakin sito, ba wanda ya tsokane ta. Ta wuce ta gabansu ta fita.

A gida ta faɗa wa Direba komai, har maganar ido. Ya saurara har ta gama. Abin da ya fara cewa ba a kan kwali ba ne.

"Kin faɗa wa ƙaninki, ba ki faɗa wa mijinki ba."

Wannan ma ta soke ta, don gaskiya ce. Ya tashi zai ɗauki mabuɗin babur ya tafi gidan Auta, ta tare ƙofa ta ce ya bar mata, nata ne.

Kwana uku ta yi kafin ƙafarta ta iya zuwa. Da rana ta je. Matar Auta ta tarbe ta da fara'a, da alama ba ta san komai ba, amma tana ganin fuskar Fasau ta kwashe yara ta yi ɗaki da su. Auta ya fito falo da singileti, bai hau kujera ba, ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba yi a gabanta.

"Me suka ba ka?"

Ya saci kallon jakarta.

"Ban zo da kowa ba. Ba na naɗar muryarka a waya. Ni da kai ne."

"Sun ce hawa uku ma yana kaiwa, Yaya," ya ce da ƙyar. "Sun ce wasu da shi suke aiki. Ban zaci ruwa zai yi yawa haka ba. Da kaya sun isa lafiya ba wanda zai sani."

"Ka canja kwalin tun kafin a yi lodi. Tun ranar da kake ɗauke da jikata kana mata wasa, ka riga ka shirya wanda zai ɗauki laifi."

"Don ko-ta-kwana ne kawai..."

"Ni ce ko-ta-kwanan."

Ya share fuska da tafin hannu. "Yaya, ki duba. Ke shekara uku ya rage miki ki huta. In ni aka kama, ɗauri ne. Yarana huɗu, babbansu bai gama firamare ba. Wa zai riƙe su? Ke ce dai za a kawo wa. Na san ke ba za su taɓa ki ba. Na san za ki iya ɗauka."

"Da ka zo ka faɗa min, da wataƙila na ɗauka da kaina. Ka san halina." Ta dube shi ido cikin ido. "Aikin ban damu da shi kamar katin ba. Ajiya na ba ka. Ka tsaya gaban baƙo ka mai da ni makauniya mai mantuwa, kana yi kana cewa ni na raine ka."

Ya fashe da kuka, irin kukansa na yarinta, kafaɗu na rawa. Da can in ya yi haka jawo shi take yi. Ta tsaya tana kallonsa, tana jira ya ce gobe zai je ya faɗi gaskiya. Bai ce ba. Haƙuri kawai yake ta ba ta. Ta gyara mayafinta ta fita.

Direba ne ya kai ta aikin ido, ya zauna a benci har aka fito da ita, yana ta yi wa ma'aikatan jinya surutu don kar a gane tsoro yake ji. Ido ya warke tas. Amma zaman gida ya fi ciwon cin ta. Ƙarfe shida take farkawa ta rasa inda za ta. In aka yar da murfin tukunya sai gabanta ya faɗi. A unguwa magana ta zaga cewa makanta ce ta sa ta jawo wa masana'anta asara, masu zuwa jaje suna ɗaga mata yatsu a fakaice su ga ko tana gani. Ta rame, dariyar nan ta ɗauke.

Wata maƙwabciyarta mai sayar da zuma a kwalabe ita ta fito da ita, ba da niyya ba. Ta shigo tana ƙorafi cewa duk aiken da ta yi wani gari sai kwalba uku ko huɗu sun fashe, zuma ta ɓata sauran. Fasau ta ce ta kawo kwalin ta gani. Ta girgiza shi a kunne, ta yi tsaki, ta zazzage. Ta yanka tsohon kwali ta yi wa kowace kwalba ɗakinta, ta ninka gindi, ta cika kwalaben da ruwa maimakon zuma, ta hau matakala ta uku ta sako shi. Mai zuma ta yi salati ta rufe ido. Aka buɗe, ko ɗaya.

Daga mai zuma sai mai turare, sai mai ƙwai, sai wani mai sayar da fitilu. Kafin shekara ta zagayo Direba ya kafa mata rumfa kusa da ofishin aika kaya na tasha, da tebur, da igiya, da tulin kwalaye. Har ta kai wasu direbobin ba sa karɓar kaya masu fashewa sai sun tambaya ko Fasau ce ta ɗaure.

A masana'anta kuwa an sake yin ɓarna, ba ta kai ta farko ba, amma ta isa. Shiru-shiru aka koma wa tsohon mai kawo kwali. Auta ya ajiye aiki da kansa, bayan wata biyu aka gan shi a kamfanin mutumin nan mai turare. Ba wanda ya rubuto wa Fasau ko layi ɗaya. Manaja in ya wuce ta tasha yakan sauke gilashi ya ɗaga mata hannu, ita ma ta ɗaga, shi ke nan.

Dangi sun yi ta zarya. Ƙanwar mahaifiyarsu, tsohuwa tukuf, ta sa aka kawo ta har rumfa ta ce ciki ɗaya suka fito, ta yafe. Fasau ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Inna, ban hana shi zuwa ba. Ya zo ya zauna gaban Direba ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya je ya faɗa wa waɗanda ya yi wa ƙarya. Ranar zan san abin da zan yafe." Auta ya aiko da buhun shinkafa sau biyu, sau biyu tana sa a mai da.

Yaransa dai ba ta hana su gidanta ba. Duk ƙarshen mako yakan kawo su da uwarsu, ya tsaya da mota a bakin layi, su shigo, shi ya zauna a ciki da gilashi a rufe har su gama. Tana yi musu girki, tana yi wa matan kitso, tana raba su faɗa. Wata Asabar ƙaramar, mai shekara biyar, tana zaune tsakanin ƙafafunta ana yi mata kitso, ta ɗago kai ta ce, "Gwaggo, me ya sa Baba ba ya shigowa? Zafi ake yi a mota."

Uwar yarinyar ta sunkuyar da kai. Fasau ta mai da kan yarinyar daidai, ta ci gaba da tsaga.

"In kin koma ki tambaye shi," ta ce. "Ƙofa a buɗe take. Tsaya da kyau, kar layin ya karkace."